Yadda Iyalan Modena Ke Haɗa Tsimammen Khal Daga Ruwan Inabi

A lardin Modena da maƙwabcinsa Reggio Emilia, a arewacin Italiya, akwai gidajen da idan baƙo mai daraja ya zo ba a tsaya da shi a falo ba, sai an hau da shi can ƙarƙashin rufin bene, inda ƙananan gangunan katako ke jere daga babba zuwa ƙarama, kowace an rufe bakinta da farin ƙyalle. Abin da ke cikinsu khal ne mai duhun launi da sheƙi, mai kauri kamar zuma, wanda zaƙi da tsami suka haɗu a cikinsa har harshe ya kasa raba su. Sunansa a bakin masu shi aceto balsamico tradizionale. Da dafaffen ruwan inabi kaɗai ake yinsa, ba a ƙara masa komai, kuma ba ya isa sayarwa da wannan suna sai ya shekara 12 a katako.

Kafin a shiga bayanin aikin, ya kamata mai karatu Musulmi ya san hanyar da abin ke bi. Kowane irin khal na 'ya'yan itace yana ratsawa ta wani mataki da sukarin cikinsa ke rikiɗewa ya zama barasa, sannan barasar ta rikiɗe ta zama tsami, kuma wannan ma haka yake. Khal kansa halal ne, Manzon Allah (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, kamar yadda ya zo a Sahih Muslim. Malamai sun haɗu a kan tsarkin giyar da ta juye khal da kanta, amma mazhabobi sun saɓa a kan wadda mutum ya sa hannu ya juyar, don haka wanda ke son gwada aikin da hannunsa ya fara zama da malaminsa.

Sana'ar tsohuwa ce. Wani malamin coci mai suna Donizone ya rubuta cewa a shekarar 1046, lokacin da Sarki Henry na Uku na Jamus ke kan hanyarsa ta zuwa Rum domin a naɗa shi, ya aika wa Bonifacio, mai mulkin Canossa, yana neman wani khal da ya ji labarinsa. Gidan sarautar Este, wanda ya mayar da fadarsa daga Ferrara zuwa Modena a 1598, ya ajiye nasa gangunan a hasumiyar fada, kuma a littafin ma'ajiyar wannan fada ne aka fara ganin kalmar balsamico a 1747. Tsarin da ake bi yau ya dogara sosai a kan wata wasiƙa da wani lauya manomi, Francesco Aggazzotti, ya rubuta wa abokinsa Pio Fabriani a 1862, inda ya zayyana yadda gidansu ke yi. Sai dai tsawon waɗannan ƙarnoni abin bai kasance hajar kasuwa ba. Na gida ne, ana ba da shi kyauta ga wanda ake girmamawa, kuma al'ada ce idan aka haifi 'ya mace a kafa sabon jerin ganguna da sunanta, ya girma tare da ita, ranar aurenta ya bi ta ɗakin miji. Duk wanda ya ga uwa tana tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana goye zai gane wannan tunani ba tare da dogon bayani ba.

Wurin ajiya

Mataki na farko shi ne samun ɗaki, kuma a nan aikin ya saɓa wa abin da aka sani game da ajiyar kayan inabi. Ba a neman wuri mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa. Ana neman ɗakin da ke dab da rufi, wanda zai gasu da rani ya daskare da hunturu, mai tagogi da iska ke ratsawa. Modena tana kwarin kogin Po, tsakanin kogunan Secchia da Panaro, ƙasa ce mai zafi da gumi a watannin Yuli da Agusta, mai sanyi da hazo a Disamba da Janairu, kuma khal ɗin yana buƙatar duka biyun. Da zafi ƙwayoyin da ke haifar da tsami suke aiki, ruwa kuma ya riƙa ƙafewa, abin ya yi kauri. Da sanyi komai ya lafa, gurɓin da ke yawo a ciki ya kwanta ƙasa, khal ɗin ya tace kansa. Wannan ɗaki shi ake kira acetaia. Dole daɓensa ya iya ɗaukar nauyi, kuma a nisanta shi daga hayaƙi, man fetur, fenti da duk wani abu mai ƙarfin wari, domin gangunan a buɗe suke, abin da ke cikin iska yana iya shiga cikinsu.

Ganguna

Jerin gangunan shi ake kira batteria. Yawanci biyar ne ko fiye, girmansu na raguwa a hankali, babbar tana cin lita 50 zuwa 70, ƙaramar lita 10 zuwa 15. Kowace a kwance take a kan gadon katako, a bayanta na sama an yanka wata kafa mai faɗin tafin hannu, wadda ta ishi a leƙa ciki, a zura ma'auni, iska kuma ta shiga. Ana rufe kafar da ƙyallen auduga domin tare ƙura da ƙananan ƙudaje. Mutanen zamanin da sukan ɗora dutsen kogi a kai, wanda tururin tsami ke ci a hankali shekara da shekaru.

Zaɓen katako shi ne inda gida ke bambanta da gida. Akwai rovere, katako mai tauri da ƙarko wanda ba ya barin ruwa ya ƙafe da sauri, shi ya sa ake son sa ga ƙananan ganguna na ƙarshe, inda khal mafi tsada ke zaune. Akwai castagno, mai yawan ɗaci-ɗacin ɓawo, wanda ke ƙara wa khal duhu. Akwai ciliegio, itacen ceri, mai ba da ƙamshi mai daɗi. Akwai gelso, wanda katakonsa ke da ƙofofin numfashi da yawa, ruwa na saurin ƙafewa ta jikinsa, don haka ya fi dacewa da manyan ganguna na farko inda ake son kauri ya samu da wuri. Sai kuma ginepro, mai ƙamshin ƙaro, wanda ƙarfinsa ya kai ganga ɗaya ta rinjayi jeri gaba ɗaya. A ganina mai farawa ya bar ginepro tukuna, ko ya ajiye shi a gefe ya riƙa ɗiba kaɗan yana surkawa, domin ƙamshinsa idan ya yi yawa babu hanyar cire shi.

Sabuwar ganga ba a zuba mata dafaffen ruwan inabi kai tsaye. Ana fara wanke ta da tafasasshen ruwa, wasu na sa gishiri, a maimaita har ruwan ya daina fitowa da launin katako. Daga nan a cika ta da khal na yau da kullum mai ƙarfi, a bar shi a ciki wata da watanni, galibi har shekara guda. Amfanin wannan biyu ne: khal ɗin zai tsotse ɗacin sabon katako, kuma ƙwayoyin tsami za su kama jikin itacen su zauna. Idan lokaci ya yi a juye shi, kada a ɗauraye da ruwa. Wanda ya tsallake wannan mataki domin ya rage shekara ɗaya zai sha ɗacin katako na shekaru masu yawa.

Ban da jerin, ana buƙatar wata ganga babba, mai cin lita ɗari ko fiye, wadda ake kira badessa. Ita ce uwar sauran, a cikinta ɗanyen aiki ke gudana, daga gare ta kuma ake ciyar da babbar gangar jerin kowace shekara.

Inabi da matsarsa

Inabin yankin ake amfani da shi, mafi yawa farin Trebbiano da jan Lambrusco. Ana tsinka a watan Satumba zuwa farkon Oktoba, a bar shi ya nuna sosai a jikin kurangarsa domin sukari ya taru, a ware duk wanda ya ruɓe ko ya yi funfuna. A matse shi a hankali, kada a murƙushe ƙwallayen, saboda ɗacinsu zai bi ruwan. Daga kilo 100 na inabi ana samun abin da bai wuce lita 70 ba. Da zarar an matse sai a raba ruwan da ɓawo, a tace, a bar shi ya ɗan kwanta na 'yan sa'o'i a wuri mai sanyi, sannan a kai shi wuta a ranar ko washegari da sassafe. Ba a jinkiri a nan, domin ruwan inabi ba ya jira. Idan ya fara tashi kafin ya hau wuta, an fita daga tsarin tun a ƙofa.

Dahuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa ruwan rake domin mazarƙwaila ya ga rabin wannan aiki. Tukunya ce mai faɗin baki, a buɗe, a kan wuta kai tsaye. Da can ta tagulla ce a kan itace, yanzu mafi yawa ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce a kan gas, wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Bambancin shi ne mai mazarƙwaila yana son ruwan ya ƙafe har ya daskare, shi kuwa mai khal yana tsayawa tun ruwa na ruwa.

Da farko a ɗaga wuta har ya kusa tafasa. Kumfa mai datti za ta taso, a riƙa kwashe ta da matsami har fuskar ruwan ta yi fes. Daga nan a rage wuta, a tsayar da zafin tsakanin digiri 80 da 90, yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan yana fitar da tururi ba tare da ya yi ɓulɓul ba. A haka zai kwashe sa'o'i 12 ko fiye, gwargwadon girman tukunya da zaƙin inabin, har ya ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Launinsa zai tashi daga kore-kore ko ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ƙamshinsa ya cika unguwa. Hanya mafi sauƙi ta sanin inda aka kai ita ce a tsoma tsaftataccen sanda tun farko a yi masa alama, a riƙa dubawa. Wanda ke da ma'aunin sukari ya nemi kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zarcewa. Mutum zai ga cewa tunda kauri ake nema a ƙarshe, gara ya samo shi tun a tukunya. Abu biyu ke biyo baya. Na ɗaya, sukari ya ƙone, ɗanɗanon ƙauri ya shiga, kuma ƙauri ba ya fita ko da an shekara 30. Na biyu, wanda ya fi muni, ruwan da sukarinsa ya yi yawa ƙwarai yana hana ƙwayoyin yis da na tsami rayuwa, kamar yadda zuma ke shekaru ba ta lalace ba. Sai a wayi gari da ganguna cike da zaƙi babu tsami, abin da ba khal ba ne. Kauri aikin shekaru ne da zafin rufi, ba a ƙwace shi daga wuta.

Tashi da tsami

Idan ya huce, a juye shi a manyan kwalabe ko tanki mai tsabta, a bar sarari a sama, a rufe da ƙyalle. Cikin kwanaki yis ɗin da ke iya jure yawan sukari zai kama aiki, a ga ƙananan kumfa na tasowa, a ji sauti siriri idan an kara kunne. Wasu gidaje na barin yis ɗin da ke cikin iskar ɗakin ya yi aikinsa, wasu na zuba na saye domin su tabbata. Bayan 'yan makonni zai lafa, a lokacin wani ɓangare na sukarin ya zama barasa, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, sauran yana nan da zaƙinsa. Ba a son ya wuce haka, domin barasa mai yawa tana kashe ƙwayoyin tsami, kuma tana cinye zaƙin da ake son ya saura. Sanyin hunturu yana taimakawa wajen tsayar da shi, gurɓi ya kwanta, a tsiyaye tataccen a bar na ƙasa.

Daga nan sai badessa. A zuba shi a kan abin da ya rage a cikinta na bara, wanda ya riga ya yi tsami, ko kuma idan shekarar farko ce a haɗa shi da khal mai rai, wato wanda ba a dafa shi an kashe ƙwayoyinsa ba. Kada a cika ta, a bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu babu komai, saboda ƙwayoyin tsami a fuskar ruwa suke zama kuma da iska suke aiki. Idan zafi ya fara shigowa, za a ga wani siririn mayafi ya shimfiɗu a saman ruwan, warin khal mai hawa hanci ya tashi. Alama ce mai kyau, kada a motsa gangar. Kafin wani hunturun ya zagayo barasar ta juye tsami, abin ya isa shiga jeri.

Tsofaffi da yawa sun kasance suna zuba dafaffen ruwan kai tsaye cikin babbar ganga, tashi da tsami su gudana lokaci guda, kuma sun samu khal mai kyau. Amma raba matakan biyu ya fi aminci ga wanda bai gaji tsofaffin ganguna masu ƙarfin tsami ba, domin yis da ƙwayoyin tsami ba sa jituwa: tsami idan ya yi yawa yis ba ya tashi, idan yis bai tashi ba kuwa ƙwayoyin tsami ba su da abin ci.

Cika jeri da aikin shekara-shekara

A shekarar farko ana zuba abin da ya fito daga badessa a duk gangunan, kowace zuwa kashi uku cikin huɗu ko ɗan sama da haka. A yi alamar inda ruwan ya tsaya a jikin wani sanda na musamman ga kowace ganga, a rubuta a littafi. Daga nan sai a rufe da ƙyalle a sauko.

Sau ɗaya a shekara, a tsakiyar sanyi, lokacin da khal ya kwanta ya yi garau, ake yin aikin da shi ne zuciyar sana'ar. Matakai uku ne masu suna: prelievo, ɗibar abin amfani daga ƙaramar ganga, travaso, cike kowace ganga daga wadda ta fi ta girma, da rincalzo, cike babbar ganga da sabon ruwa daga badessa. Kullum daga ƙarama ake farawa a yi sama. Ana ɗiba da siririn bututun gilashi ko tiyo, daga tsakiyar ruwan, ba daga fuska ba, ba kuma daga ƙasa inda gurɓi yake ba, sannan a zuba a hankali ta mazurari domin kada a tayar da abin da ya kwanta. Kafin a taɓa kowace ganga a leƙa ta da fitila, a shinshina, a ɗanɗana.

Lissafi zai fi bayyana abin. A ɗauka jeri ne mai ganguna biyar, abin da ke cikinsu lita 50, 40, 30, 20 da 10, kuma a ɗauka kowace ta rasa kashi ɗaya cikin goma a shekara saboda ƙafewa, wanda shi ne kusan abin da aka saba gani. Idan aka ɗebi lita 1 daga ƙaramar, tana bin lita 2, ɗaya na ɗiba, ɗaya na ƙafewa. Ta biyu ta rasa 2 ta ba da 2, tana bin 4. Ta uku ta rasa 3 ta ba da 4, tana bin 7. Ta huɗu tana bin 11, babbar kuma 16. Ke nan lita 16 na dafaffen ruwa suka shiga ta sama kafin lita 1 ya fita ta ƙasa, kuma lita 16 ɗin nan sun fito ne daga ɗanyen ruwa kusan lita 32, wato inabi kilo 45 ko fiye.

Yanzu a sake lissafin da ɗibar lita 3. Ƙaramar za ta bi 4, ta biyu 6, ta uku 9, ta huɗu 13, babbar 18. Ƙarin lita 2 kacal na sabon ruwa ya ninka abin da aka samu sau uku, kuma a nan jarrabawar take, domin a ido ciniki ne mai riba. Amma a dubi abin da ya faru da ƙaramar ganga: a lissafin farko kashi biyu cikin goma na cikinta ne ya sauya, a na biyu kashi huɗu. Idan aka yi haka shekara uku ko huɗu a jere, tsohon khal ɗin da aka gada ya tafi, abin da ya maye gurbinsa bai daɗe a katako ba, ko da gangar kanta ta shekara ɗari. Tsufan ganga daban, tsufan abin da ke cikinta daban, kuma na biyun yana hannun mai ɗiba. Shi ya sa gidajen da suka san abin da suke yi ba sa wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙaramar ganga, ko ɗan sama da haka, kuma a shekarar da suka ga khal ɗin ya yi rauni ba sa ɗibar komai. A sabon jeri kuwa, shekaru 12 na farko babu ɗiba sam, sai dai cike gurbin abin da ya ƙafe.

Saboda wannan cuɗanya ta shekara-shekara, babu wanda zai iya nuna kwalba ya ce khal ɗin cikinta na shekara kaza ne. Kowane cokali gauraye ne na kaka masu yawa.

Matsalolin da ake gamuwa da su

Idan aka leƙa aka ga wani abu mai kauri da santsi kamar tantani ya toshe fuskar ruwan, wannan ita ce uwar khal. A khal na yau da kullum ana murna da ita, a nan kuwa cire ta ake yi, domin tana hana iska shiga kuma tana iya kawo wari. Idan funfuna ce, fara ko koriya, alama ce tsami ya yi ƙasa. A kwashe ta, a goge bakin gangar da khal mai ƙarfi, a ƙara wa gangar ruwa mai tsami sosai daga badessa. Idan aka ji wani abu kamar tsakuwa a ƙasan ƙananan ganguna, sukari ne ya daskare saboda kauri ya yi yawa tsami ya yi kaɗan, kuma asalin laifin yawanci yana komawa ga tukunyar da aka zarce da ita shekarun baya. Maganinsa a sassauta dahuwa a kaka mai zuwa, a ciyar da jerin da ruwa mai ƙarancin zaƙi da yawan tsami, a yi haƙuri, domin gyaran da aka zuba ta sama yana ɗaukar shekaru kafin ya iso ƙasa.

Yoyo kuwa ba makawa ne ga tsohuwar ganga, tunda tsami na cin katako da zoben ƙarfen da ya ɗaure shi. Ba a yar da irin wannan ganga. Ana kai ta wurin masu haɗa ganguna su gina mata sabuwa a jikinta, kamar an sa mata riga, tsohon katakon da ya sha khal na zamanin kakanni ya ci gaba da zama a ciki. A kuma tabbata an kafe gadon gangunan da kyau. Girgizar ƙasar da ta auka wa yankin a watan Mayun 2012 ta kifar da ganguna a gidaje da dama, khal na shekaru ya kwarare a ƙasa.

Gwaji da suna

Wanda zai ci a gidansa ko ya yi kyauta ba ya buƙatar izinin kowa. Wanda zai sayar da sunan gargajiya kuwa dole ya bi ƙa'ida, domin Tarayyar Turai ta ba wa na Modena da na Reggio Emilia kariyar suna ta DOP, wato tambarin kayan da aka yi gaba ɗaya a yankinsu na asali, a shekarar 2000. Ana kai samfurin gaban kwamitin ƙwararrun masu ɗanɗano, ba tare da sun san mai shi ba. Su duba launi da kauri da tsabtarsa a gaban hasken kyandir, su shinshina, su ɗanɗana, su ba da maki. Na Modena dole tsaminsa ya kai kashi 4.5 cikin ɗari, nauyinsa kuma ya kai 1.24 idan an gwada da na ruwa. Wanda ya faɗi a mayar wa mai shi ya koma ganga. Wanda ya ci, ba mai shi ke ɗura shi ba, cibiyar da aka amince da ita ce ke ɗurawa a kwalba mai cin mililita 100, ta liƙa lamba. Kwalbar Modena mai zagayen ciki ce da gindi mai kusurwa huɗu, kuma Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta, mutumin da ya zana motar Golf ta farko. Daraja biyu ce: wanda ya kai shekara 12, da extravecchio wanda ya kai 25. Reggio Emilia tana da tata kwalbar da tambari uku, ja, azurfa da zinariya.

Kada a rikita wannan da Aceto Balsamico di Modena mai tambarin IGP, wato kariyar suna mai sassauci fiye da DOP, wanda ya samu tasa kariyar a 2009 kuma shi ne ya cika kantuna. Shi haɗin ruwan inabi ne da khal na yau da kullum, an yarda a sa masa ɗan launin ƙonannen sukari, kuma kwana 60 a katako sun ishe shi. Yana da amfaninsa a kwaɗon ganye, amma wani abu ne daban. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kalmar balsamico ita kaɗai ba mallakin Modena ba ce, don haka ganinta a jikin kwalba ba ya tabbatar da komai. Kalmar tradizionale da siffar kwalbar ake dubawa.

Yawancin masu wannan aiki har yau ba 'yan kasuwa ba ne. A garin Spilamberto akwai ƙungiyarsu, Consorteria, wadda aka kafa a 1967, tana koyar da ɗanɗano, tana kula da gidan tarihin khal, kuma kowane watan Yuni tana shirya gasar Palio di San Giovanni, inda iyalai ke kawo samfurin gangunan gidajensu a gwada. Mai son koyo da gaske ya fi samun ilimi a irin wannan zama fiye da kowane rubutu, domin harshe sai da gwaji yake sanin inda zaƙi ya rinjayi tsami.

Wanda ke ƙasa mai zafi duk shekara kuma yake son gwada tsarin da inabin da ya samu, ya sani cewa ƙafewar za ta fi ta Modena yawa, kuma ba zai samu dogon sanyin da ke tace khal ba. Ya nemi ɗaki mai inuwa maimakon ƙarƙashin kwano, ya sassauta dahuwa, ya zaɓi katako mai tauri, ya yi aikin juyawa a tsakiyar hunturu, ya kuma duba gangunansa fiye da sau ɗaya a shekara domin kada ƙaramar ta bushe. Abin da zai samu nasa ne, ya ba shi sunan garinsu.

Wajen ci, ba a dafa shi, domin wuta na kore ƙamshin da aka shekara ana tarawa. Ɗigo ake yi a kan abinci bayan an sauke: a kan gutsuren cukun Parmigiano Reggiano, wanda shi ma ɗan yankin ne, a kan gasasshen nama, ƙwai, dafaffiyar shinkafa, har da 'ya'yan itace da askirim. Idan za a ɗanɗana shi zalla, da cokalin tangaran ake yi, saboda ƙarfe na sauya ɗanɗanonsa. Kwalbar da aka buɗe ba ta buƙatar firiji. A toshe bakinta da kyau, a ajiye ta a kabad nesa da kayan yaji da hasken rana, za ta yi shekaru ba ta sauya ba.